Biyan Ɓarna ko Gudummawa: Shawarwarin Duniya a kan Sauyin Yanayi da Rabon Ƙasashe Masu Tasowa

Kusan ko wace shekara, yawanci in kaka ta yi, wakilan ƙasashe wajen 200 su kan taru a wani babban birni su yi mako biyu suna shawara a kan ɗumamar duniya da sauyin yanayi. An yi taro na farko a Balin ta ƙasar Jamus cikin 1995, aka yi na 30 a Belem ta ƙasar Barazil cikin 2025. Wanda ya ke bin labarin a rediyo ya kan ji an ambaci biliyoyin daloli, ya ji wasu wakilai sun yi fushi sun fice daga zaure, can kuma ya ji an buga guduma da asuba an yi tafi an watse. Daga nan ba ya sake jin kome sai baɗi. Ba abin mamaki ba ne in ɗalibi ya tambayi malaminsa amfanin wannan taro, malamin ya rasa ta cewa.

Abin da na ke so in nuna a wannan takarda shi ne, duk da yawan kwamitoci da tulin takardu, gardamar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da ƙasashe masu tasowa guda ɗaya ce tun 1992, gardama ce kuwa wadda ko wane dagaci ya san irinta. In shanu suka shiga gona suka ci amfani, a kan kai magana gaban mai gari, a aiki sarkin noma da dattawa su kewaya gonar su ƙiyasta ɓarna, mai shanu ya biya. Abin da ya biya hakki ne, ba wanda zai gode masa, ba kuwa shi zai yanke yawansa ba. Amma in gobara ta cinye rumbun mutum, maƙwabta suka kawo masa dami ɗai-ɗai, wannan gudummawa ce: mai bayarwa shi ke da iko da yawanta da lokacinta, mai karɓa kuwa sai godiya. Ƙasashe masu tasowa suna cewa kuɗin da a ke magana a kai biyan ɓarna ne, ƙasashe masu arziki suna cewa gudummawa ce. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai gane yawancin abin da ke gudana a taron.

Asalin ɓarnar

In aka ƙona kwal ko man fetur ko iskar gas, wata iska ta kan fita wadda masana kimiyya ke kira kabon dayoksaid. A nan za mu riƙa ce mata hayaƙi don sauƙi, ko da ya ke ido ba ya ganinta. Ta kan taru a sararin sama ta hana zafin da ƙasa ke mayarwa ficewa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawanta a cikin iska kamar kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya wuce 420. Halinta biyu ne suka mai da ita maganar siyasa. Na ɗaya, ba ta saurin gushewa, gama wani sashe na hayaƙin da aka fitar a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya yana nan a sama yana aiki. Na biyu, ba ta tsayawa inda aka fitar da ita. Hayaƙin masana'antar Jamus yana ɗumama Agadas daidai yadda ya ke ɗumama Jamus.

Sabo da haka sai a tambaya, shanun wa suka shiga gonar? In aka tara duk hayaƙin da aka fitar tun farkon zamanin masana'antu, Amurka kaɗai ta fitar da kusan rubu'insa. Afirka kuwa, wadda fiye da mutum ɗaya cikin shida na mutanen duniya ke zaune a cikinta, abin da ta ke fitarwa a shekara bai kai kashi 4 cikin 100 ba. In aka raba bisa kawunan mutane, Ba'amurke ɗaya yana fitar da kamar tan 14 a shekara, ɗan Nijeriya kamar rabin tan, ɗan Nijar kamar ushirin tan. Watau abin da ɗan Nijar zai shekara yana fitarwa, Ba'amurke ya gama shi cikin kwana uku.

Masu arziki suna da hanzari, ba kuwa hanzarin banza ba ne. Suna cewa kakanninsu ba su san suna ɓarna ba sa'ad da suka fara ƙona kwal. Gaskiya ne, amma rashin sanin bai daɗe kamar yadda a ke zato ba. Tun 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa yadda ƙaruwar hayaƙin za ta ɗumama duniya. Cikin 1958 aka fara auna shi kullum a kan wani dutse a tsibirin Hawayi. Cikin 1988 aka kafa kwamitin masana na duniya da a ke kira IPCC, ya fitar da rahotonsa na farko cikin 1990. Kimanin rabin duk hayaƙin da ɗan Adam ya taɓa fitarwa daga mai da kwal, bayan wannan rahoto aka fitar da shi. Sai dai a nan maganar ta kan juyo kan masu ƙara, domin babban rabo na wannan hayaƙi na baya-bayan nan daga ƙasar Sin ya fito, ita kuwa a takarda ƙasa mai tasowa ce. Za mu komo kan wannan.

Daga Riyo zuwa Kiyoto

Uwar yarjejeniyar an buɗe ta don sa hannu a birnin Riyo na Barazil cikin 1992, ta fara aiki cikin 1994. A ciki aka rubuta ƙa'idar da ƙasashe masu tasowa ke riƙe da ita har yau, cewa alhakin na kowa ne amma ba daidai ya ke a kan kowa ba, waɗanda suka riga suka yi arziki su ne za su shige gaba. Aka jera sunayen ƙasashe ashirin da 'yan kai, watau Amurka da Kanada da Japan da Ostareliya da Niyu Zilan da ƙasashen yammacin Turai, aka ce su ne za su ba da kuɗi. Wannan jeri na 1992 kusan shi ne har yanzu. Sin da Koriya ta Kudu da Singafo da Saudiyya da Katar ba sa ciki, duk da abin da suka tara tun daga lokacin.

Akwai wani abu da aka kasa gamawa tun farko wanda ya shafi duk abin da ya biyo baya. Ba a taɓa yarda da dokar jefa ƙuri'a ba, gama ƙasashe masu arzikin mai, Saudiyya a gaba, sun ƙi a yanke magana da rinjaye. Don haka kome sai da ijma'i. Wannan ya ba ƙaramar ƙasa murya irin wadda ba ta da ita a Bankin Duniya, inda nauyin ƙuri'a ke bin nauyin jari. Amma ya kuma sa ko wace matsaya ta kan sauko zuwa abin da mafi taurin kai zai iya haɗiyewa. Ijma'in ma shugaban taro ne ke faɗin ya samu: a Kankun ta Meziko cikin 2010 Bolibiya ta tsaya ita kaɗai ta ce ba ta yarda ba, shugabar taro ta buga guduma ta wuce.

A Kiyoto ta Japan cikin 1997 aka yi yarjejeniyar da ta fi kusa da abin da masu tasowa ke so. Aka ɗora wa ƙasashe masu masana'antu wajibin rage hayaƙi da kamar kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990, tsakanin 2008 da 2012, ba a ɗora wa masu tasowa irin wannan ba. Tun kafin a je taron, Majalisar Dattawan Amurka ta zartar, da ƙuri'a 95 ba ko ɗaya mai hamayya, cewa ba za ta karɓi yarjejeniyar da ta bar masu tasowa a sake ba. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba, cikin 2001 Shugaba Bush ya yi watsi da ita, Kanada ma ta sanar da fita cikin 2011. A ƙarƙashin Kiyoto an yi wani tsari na ciniki, inda kamfanin Turai zai biya kuɗin aikin rage hayaƙi a ƙasa mai tasowa a lissafa masa kamar a gida ya rage. An zaci Afirka za ta ci moriyarsa, ashe yawancin ayyukan Sin da Indiya za su tafi, domin inda hayaƙi ya ke da yawa nan a ke samun na ragewa da araha. Rabon Afirka bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ba ya ɓarna ba shi da abin sayarwa a kasuwar barin ɓarna.

Alkawarin biliyan 100

Taron Kofanhegan na 2009 ya watse baram-baram. Shugabannin Amurka da Sin da Indiya da Barazil da Afirka ta Kudu suka shirya takarda a ɗaki, aka kawo wa sauran cikin dare. Sudan, wadda wakilinta Lumumba Di-Aping ke magana da yawun ƙungiyar ƙasashe masu tasowa a shekarar, da Benezuwela da Bolibiya da wasu ƙalilan suka ƙi, sai taron ya ce ya dai san da takardar, bai ce ya karɓe ta ba. Amma a cikinta ne masu arziki suka ɗauki alkawarin tara dala biliyan 100 ko wace shekara kafin 2020.

Wannan alkawari ya cancanci a dube shi da kyau, gama shi ne misalin gudummawa. Ba wanda ya kewaya gona ya ƙiyasta. Masu bayarwa ne suka faɗi adadin. Ba a raba wa ko wace ƙasa nata kaso ba, don haka in bai cika ba, ba wadda za a kama. Bai kuwa cika a kan lokaci ba: ƙungiyar OECD, wadda ta masu arzikin ce da kansu, ta lissafa biliyan 83 cikin 2020, ta ce sai 2022 aka wuce ɗarin, aka kai kusan 116. Babban abin ƙorafi shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da gwamnatoci da bankunansu suka bayar rance ne, za a biya da ruwa. Ƙungiyar Oxfam ta ce in aka cire abin da za a mayar, ainihin taimakon kamar sulusin adadin ne. A ganina nan ne misalinmu na gona ya fi ciwo, gama ba a taɓa jin mai shanu ya ci gonar mutum sa'an nan ya ranta masa kuɗin iri ba.

Har wa yau, yawancin kuɗin wajen rage hayaƙi ya ke tafiya, kamar tashoshin lantarki na rana da na iska a manyan ƙasashe, domin waɗannan suna kawo riba su biya kansu. Abin da Nijar ko Cadi ta fi bukata daban ne: irin shuka mai saurin nuna, madatsun ruwa, magudanai a birane, labarin damina da zai isa ga manomi kafin ya yi shuka. Wannan shi a ke kira shirin jure wa sauyin yanayi, ba ya kuwa kawo ribar da ɗan kasuwa zai gani. Cikin biliyan 116 na 2022, kamar 32 ne suka tafi nan, alhali hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cikin 2023 cewa bukatar ta wuce biliyan 200 a shekara.

Wajibi da mustahabbi a Faris

A Faris cikin 2015 aka sake gini. Maimakon a yanka wa wasu ƙasashe kaso daga sama, sai aka ce ko wace ƙasa, mai arziki da matalauciya, ta rubuta abin da za ta yi da kanta, ta sabunta shi bayan ko wace shekara 5. Aka amince a tsai da ɗumamar ƙasa da digiri 2 sosai bisa yadda ta ke kafin zamanin masana'antu, a yi ƙoƙari kada ta wuce 1.5. Wannan adadi na biyu nasarar ƙananan tsibirai ce da ƙasashen Afirka, waɗanda suka yi shekaru suna cewa digiri 2 ga wasu ajali ne. Sai dai 2024 ta zama shekara ta farko da zafinta ya haura wannan iyaka daga farkonta har ƙarshe in aka ɗauki matsakaici.

Ga masu nazarin harshe, abin da ya faru a daren ƙarshe ya isa darasi. A cikin sakin layin da ke magana a kan rage hayaƙin ƙasashe masu arziki, takardar ƙarshe ta fito da kalmar Ingilishi mai nuna wajibi a inda daftarin baya ke da mai nuna abin da ya kamata. Malaman fiƙihu za su ce bambancin wajibi da mustahabbi ke nan: ɗaya in an bari akwai laifi, ɗaya babu. Wakilan Amurka suka ce in kalmar ta zauna tilas a kai yarjejeniyar Majalisar Dattawa, can kuwa za ta mutu. Aka tsai da taro fiye da awa guda, daga bisani aka karanta gyaran da sauri a cikin jerin kurakuran rubutu, shugaban taro Laurent Fabius ya buga guduma. A sashen kuɗi an bar kalmar wajibi, cewa masu arziki za su bayar, amma ba a faɗi nawa ba. A sashen asara da ɓarna kuwa, aka haɗa da wani sharaɗi a fili, cewa wannan sashe ba ya zama hujjar ɗora alhaki ko neman diyya. Duk da wannan sassauci Amurka ta fita cikin 2020, ta komo cikin 2021, Shugaba Trump ya sake ba da umarnin fita cikin Janairu 2025.

Asusun asara da ɓarna

Akwai ɓarnar da ba shirin da zai tare ta, kamar tsibirin da teku ta haɗiye ko garin da ambaliya ta share. Tun 1991 ƙasar Vanuatu, a madadin ƙananan tsibirai, ta nemi a kafa asusun da zai biya irin wannan. Shekara 31 masu arziki suna kaucewa, don sun san nan ne maganar ta fi kama da diyya. Abin da ya karya turjiyar shi ne ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 1,700, ta shafi miliyan 33, aka ƙiyasta asararta dala biliyan 30. A shekarar kuwa Pakistan ce ke shugabancin ƙungiyar ƙasashe masu tasowa, ƙungiyar ta tsaya da murya ɗaya a taron Sharm al-Shaikh na Masar, aka yarda a kafa asusu. A wannan damina ce ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu.

A Dubai cikin 2023 aka buɗe asusun ranar farko ta taro, aka yi alkawarin kamar dala miliyan 700. Jamus ta ce miliyan 100, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa miliyan 100, Amurka miliyan 17.5. Mai karatu ya gwada wannan da biliyan 30 na ambaliya ɗaya a ƙasa ɗaya. Zuba kuɗi a ciki ganin dama ne, an kuma ajiye shi a hannun Bankin Duniya na wucin gadi, abin da masu tasowa suka ƙi da farko. Har ƙarshen 2025 alkawuran ba su kai biliyan 1 ba.

Haka aka sake yi a Baku ta Azarbaijan cikin 2024, sa'ad da lokacin sabunta alkawarin biliyan 100 ya yi. Masu tasowa suka nemi tiriliyan 1.3 a shekara, aka ba su biliyan 300 kafin 2035, tiriliyan 1.3 ɗin kuwa aka rubuta shi a matsayin kira ga kowa da kowa, har 'yan kasuwa. Wakilan tsibirai da na ƙasashe mafiya talauci sun fice daga ɗaki na ɗan lokaci. Da aka buga guduma, wakiliyar Indiya ta tashi ta ce ba a ba ta damar magana ba, ƙasarta ba ta yarda ba, wakiliyar Nijeriya ma ta ce adadin abin dariya ne. An rubuta maganarsu a littafin taro, matsayar ta zauna.

Ba uwa ɗaya uba ɗaya ba

Kuskure ne a ɗauka ƙasashe masu tasowa abu ɗaya su ke so. Ƙungiyarsu, wadda a ke kira G77 tun 1964, ƙasashe 134 ne a ciki. Tubalu tana so a daina haƙo mai da kwal gobe, don ƙasarta ba ta fi 'yan mitoci bisa teku ba. Saudiyya kuwa da mai ta ke ci. Sin ta wuce Amurka wajen fitar da hayaƙi tun wajen 2006, yanzu tana fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na duniya, ita ce kuma ta fi kowa ƙera allunan lantarki na rana, har arahar da suka yi a kasuwannin Kano daga masana'antunta ta ke. A Gilasgo cikin 2021, a minti na ƙarshe, Indiya da Sin suka sa aka canza kalmar da ke nufin a daina amfani da kwal zuwa mai nufin a rage shi, tsibirai suna kallo. Abin da ke haɗa ƙungiyar shi ne maganar kuɗi. In aka zo maganar barin mai sai ta rarrabu. A ganina ƙananan ƙasashe sun yi hasara da jeri na 1992 bai motsa ba, gama yana ba Turawa hanzarin cewa ba za su ƙara ba sai Sin da ƙasashen Larabawa masu mai sun shigo, su kuwa suna fakewa a bayan matalauta.

Nijeriya tana tsaye ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Hamada da ambaliya suna cinta, amma yawancin kuɗin da ta ke samu daga waje na mai ne, mutanenta fiye da miliyan 80 kuwa ba su da lantarki. A Gilasgo Shugaba Buhari ya yi alkawarin ƙasar za ta daidaita hayaƙin da ta ke fitarwa da wanda ta ke shanyewa kafin 2060, a watan nan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Shirin da gwamnati ta fitar cikin 2022 ya ce wannan zai ci ƙarin dala biliyan 10 ko wace shekara, kuma da iskar gas za a haye. Hujjar Nijeriya da Senegal da Mozambik ita ce, ba adalci ba ne bankunan Turai su ƙi ba da rancen aikin gas a Afirka alhali Turai da kanta ta zo neman gas ɗin bayan yaƙin Yukren ya tashi cikin 2022. Hujja ce mai ƙarfi, ko da ya ke tana raunana duk sa'ad da aka dubi gas ɗin da a ke ƙonewa a banza a yankin Neja Delta.

Abin da ya iso ƙasa

A nan ya kamata malami ya yi hattara da abin da zai gaya wa ɗalibai. Shugabanni su kan kafa hujja da Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa kamar ushirin haka cikin shekarun 1980. Raguwar gaskiya ce, amma farin 1973 da na 1984 ne suka jawo ta, tare da ɗibar ruwa don noman rani, tafkin kuma ya ɗan farfaɗo daga baya. Masana da yawa suna ganin wata ƙura dabam, ta farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, tana da hannu a wancan fari. Haka kuma ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024: ruwan sama ya yi yawa ƙwarai, amma madatsar Alau ce ta fashe. Wahalar raba ɓarnar yanayi da ta sakacin gida ita ce babbar mafakar waɗanda ba sa son biya, gwamnatin da ba ta gyara madatsarta ba kuwa ita ke miƙa musu ita.

Cikin 2007 Tarayyar Afirka ta ɗauki shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita 8,000, da nufin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna ciki. Rahoton 2020 ya nuna kamar hekta miliyan 4 aka yi a cikin ainihin layin. Cikin Janairu 2021 aka yi alkawarin dala biliyan 14 a Faris don a hanzarta shi, fitar kuɗin ya zama da jinkiri. A gefe guda, tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona, su kan zaɓi toho mai ƙarfi su sassabe sauran su bar shi ya girma, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya taki gona. An ƙiyasta sun mai da itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi ba da kuɗin wani asusu ba. Ban kawo wannan don in ce kuɗin ba shi da amfani ba. Na kawo shi ne don a ga inda ya kamata ya sauka, domin neman kuɗi a Asusun Yanayi da aka kafa a Kankun aiki ne na takardu da ƙwararru wanda kan ɗauki shekaru, ƙasar da ta fi bukata kuwa ita ta fi rashin ma'aikatan da za su rubuta su.

Fatawar kotun duniya

Da suka ga zauren shawara ba zai taɓa furta kalmar diyya ba, sai tsibirai suka nufi alƙali. Wasu ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Fasifik ne suka fara kiran cikin 2019, gwamnatin Vanuatu ta ɗauka, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa tambayar ga Kotun Duniya da ke birnin Heg cikin Maris 2023. Ranar 23 ga Yuli 2025 alƙalan suka amsa da baki ɗaya, cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa dokar duniya, har waɗanda ba sa cikin yarjejeniyar Faris, ƙasar da ta saɓa kuwa ana iya binta gyaran ɓarna, har da diyya, in an tabbatar da alaƙa tsakanin laifinta da cutar. Wannan fatawa ce, ba hukunci ba, ba ɗan doka da zai je ya karɓo. Kotun ba ta faɗi nawa ba, ba ta kuma faɗi wa zai biya wa ba, ta bar wannan ga ƙararrakin da za a kawo ɗai-ɗai.

Wata huɗu bayan haka aka taru a Belem, gwamnatin Amurka ba ta aiko da wakilai ba. Ƙasashe fiye da 80 suka nemi a tsara hanyar barin mai da kwal, masu arzikin mai suka ƙi, babbar takardar ta fito ba ta ambaci mai ba. An yi kira a ninka kuɗin shirin jure wa sauyin yanayi sau uku kafin 2035, kira ne kuwa, daga cikin biliyan 300 ɗin nan na Baku za a cire shi. Har aka tashi ba a yarda da ma'ana ɗaya ta abin da za a kira kuɗin yanayi ba, don haka ko wace ƙasa mai bayarwa ita ke lissafa nata, ta sa rance ta sa kyauta a ma'auni ɗaya. An amince taron 2027 a Adis Ababa za a yi shi, Habasha kuwa tana cikin ƙasashe 44 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa mafiya talauci, tare da Nijar da Cadi da Sudan.